Baƙuwar Ɗakin Inna

Dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan ranar wata Talata, lokacin da rana ta riga ta faɗi amma duhu bai gama sauka ba. Injiniya yana ɗakin aikinsa, ƙofa a buɗe, tabarau a kan hanci. Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya daga igiya. 'Yarsu, wadda kowa yake kira Auta ko da yake ita kaɗai Allah ya ba su, tana sabon ɗakinta tana aikin makaranta, ana jin motsin takardunta.

Dutsen bai yi wata ƙara ba. Ya bugi kwano, ya gangaro a hankali, ya faɗo kusa da famfo. Matar ta ɗaga kai, zani a kafaɗarta.

"Yaran layin nan ba su da aikin yi," in ji ta. "Kai! Wane ne nan?"

Babu wanda ya amsa. Bayan ɗan lokaci na biyu ya faɗo, sannan na uku, duka a kan ɗakin Auta. Injiniya ya fito, ya buɗe ƙofar waje, ya duba dama da hagu. Layin fayau, sai mai gyaran takalma yana haɗa kayansa, shi ma ya ce bai ga kowa ba. Da ya dawo ya tsinci duwatsun. Ƙanana ne masu santsi, irin na bakin ruwa, babu irinsu a unguwar. Akwai ɗumi a jikinsu, kamar an daɗe ana riƙe da su a tafin hannu.

Ya jera su a kan teburinsa, ya ɗauko littafinsa, ya rubuta rana da lokaci. Haka yake yi da duk abin da bai gane ba.

Aikinsa ne ya koya masa wannan hali. Shekara goma sha tara yana aiki da wani kamfani mai ƙera ƙananan na'urori, kuma ɓangarensa shi ne cibiyar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, wadda 'yan aikin suke kira kanel. Inna, mahaifiyarsa, ta taɓa tambayarsa wane irin aiki ne wannan da ya hana shi zama a yi hira. Sai ya kwatanta mata da babban gida mai ɗakuna dubu. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ita ce gidan, kanel shi ne mai gida. Duk aikin da ya zo sai a ba shi ɗaki, in ya gama a karɓa a ba wani. Masifa tana shigowa ne idan an karɓi ɗaki an ba sabon mai shi, amma ba a gaya wa wani da ya saba shiga ba. Sai ya zo da tsohon adireshi a hannu, ya jibge kayansa a kan kayan wani. Abin ba ya bayyana nan take. Sai can, bayan awa ko bayan kwana, na'urar ta tsaya cak, kuma wanda za a tarar a kwance ba shi ne mai laifin ba.

"To kai mene ne naka a ciki?" in ji Inna.

"Ni nake nemo wanda ya shiga."

"Ashe ɗan sanda na haifa ban sani ba," ta ce, ta yi dariya har da tari. Daga ranar take kiransa Ɗan Sandan Akwati, don akwati take ce wa kwamfuta.

Wata biyu ke nan da rasuwarta, kuma ɗakin da Auta take ciki nata ne. Bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin aikin Injiniya. Tun jikinta yana da sauran ƙarfi ta ce masa, "In na tafi, ka bar ɗakin nan wata guda, taga a buɗe. Ka kuma gaya wa baƙuwata, kada ta yi ta zarya." Ya ce to. Inna ba ta da wata baƙuwa da ya sani. A shekarun ƙarshe takan yi magana ita kaɗai da magariba, su kuma sun ɗauka tsufa ne.

Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. A magaribar da Inna ta rasu, shi da ita ne kaɗai a gidan. Wata goma yana farautar wani kuskure a kanel, irin wanda yake zuwa sau ɗaya a mako ya ɓace, kuma a daidai lokacin nan ya bayyana. Na'urar ta faɗi, tana zubo bayanan ƙarshe a kan allo, layi bayan layi. Inna ta kira shi ta bango. Ya ce, "Ina zuwa, Inna." Ta sake kira. Ya ce yana zuwa. Ta kira na uku, a hankali. Bayanan ba gudu za su yi ba, ya san haka tun a lokacin. Da ya shiga, bayan minti ashirin da biyar, ya tarar da ita a kishingiɗe, fuskarta tana kallon ƙofa. Ya gaya wa mutane cewa barci ne ya wuce da ita.

Bai iya wucewa ta gaban ɗakin ba. Kwana huɗu da jana'iza ya raba kayanta, ya kira mai fenti, ya sa wa tagar raga da ƙarfe, ya sayo sabon gado. Matarsa ta ce, "Baban Auta, saurin me kake yi?" Ya ce ɗaki ba ya son zama kango. A ƙarƙashin tsohon gadon ya tarar da gwangwanin madara cike da ƙananan duwatsu masu santsi. Ya girgiza kai, ya zuba su a shara.

Yanzu ga uku irinsu a kan teburinsa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya rufe su da hankici.

Washegari da magariba ba a yi jifa ba. Sai dai Auta ta fito daga ɗakin da biro a hannu, ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Baba, wani yana zama a bayan ƙofata."

"Kin gan shi?"

"A'a. Ina dai jin yana zama. Kamar yadda Inna take zama, a hankali, sai ta sauke numfashi."

Matar ta ajiye tiren da ke hannunta. Ta ce yau ɗin nan Auta za ta dawo ɗakinsu, a rufe wancan da kwaɗo, gobe a nemi masu sani.

Da ya bi maganarta, da labarin ya tsaya a nan. Amma Injiniya yana da wata ƙa'ida da aikinsa ya dasa masa har cikin ƙashi: kuskuren da ba ka iya sa shi ya sake faruwa a gabanka ba, ba ka kama shi ba. In ka sauya masa wuri sai ya ɓuya, ya fito wani waje inda ba ka tsammani. Ya yi wa matarsa wannan bayani a tsanake, da yatsa a kan tebur. Ya ce wataƙila ɓera ne, wataƙila katakon ƙofa ne yake motsi idan zafin rana ya sauka. Ya ce kada a taɓa komai, kada a sauya komai, Auta ta zauna inda ta saba a lokacin da ta saba.

"Kwana uku kawai," ya ce. "Ina nan, bango ɗaya ne tsakaninmu."

Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai.

A wurin aiki, idan suna zargin ana shiga ɗakin da aka saki, sukan cika shi da wata lamba da suka sani, ɗaya tak, daga bango zuwa bango. Duk wanda ya taɓa wurin sai ya ɓata lambar, ya bar sawu. Don haka washegari da la'asar Injiniya ya ɗauko rariya daga kicin, ya tankaɗe fulawa a ƙasan ɗakin, lulluɓi ɗaya siriri, ya bar wa Auta hanya daga ƙofa zuwa teburinta.

"Fulawata ce ta zama ɗan sanda yau," in ji matar, amma ba ta yi dariya ba.

A magariba ta farko ya tarar da wata 'yar shara a kan fulawar, daga gindin taga zuwa bayan ƙofa, kamar an ja bakin zani. A ta biyu sharar tana nan, kuma a bayan ƙofa akwai gurbi zagayayye, irin wanda mutum yake bari idan ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Yana fuskantar inda gadon Inna yake a da. Injiniya ya auna faɗinsa da abin awo, ya zana shi a littafi. Auta ta roƙe shi da ido. Ya ce saura ɗaya.

A ta uku gidan ya yi tsit tun kafin rana ta faɗi. Ko tsuntsayen da suke kwana a bishiyar maƙwabta ba su yi hayaniyarsu ba. Yana zaune da agogo a gabansa, kunne a bango, sai ya ji motsin takardu ya tsaya. Ya ji an ja kujera. Ya tashi, ya leƙa.

Auta tana zaune a ƙasa a bayan ƙofa, a cikin gurbin nan, ƙafafu a tanƙwashe, hannu a kan gwiwa. Ba zaman yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ba ne. Ta ɗago kai a hankali ta dube shi, kamar yadda ake duban wanda aka sani daga nesa. Muryar da ta fito ta mace ce, babba, mai kauri, kamar tana tasowa daga ƙasan tulu.

"Ina kuka kai ta?"

Daga nan ta kife.

Kwana biyar suka yi a haka. A asibiti an ɗebi jini, an haska kai, an ce ba a ga komai ba. Da rana Auta tana kwance ido a buɗe, ba ci, ba magana, ruwa ma sai an ɗiga mata da cokali. Da magariba kuwa, ko a wane ɗaki aka kwantar da ita, sai ta miƙe, ta tafi bayan ƙofar nan ta zauna, ta yi tambayarta ɗaya, ta jira, ta kife. Wuyan hannunta ya sirance har agogonta yana zamewa.

Matar ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Sau ɗaya ta tsaya a bakin ɗakin aikinsa, ta dubi na'urorin gwaji da ke jere a kan kanta, wayoyi sun fito daga cikinsu, ta ce, "Waɗannan in sun mutu kamfani yana aiko wasu. Ni ita kaɗai gare ni."

A rana ta shida ta fita da kanta ta dawo da Malam. Tsoho ne siriri, yana da teburin gyaran agogo a bakin kasuwa, kuma an san shi da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ya zo bayan la'asar da 'yar jaka a hammata. Ya duba Auta, ya duba ɗakin, ya duba fulawar da har yanzu take ƙasa. Injiniya ya miƙa masa littafin. Malam ya sa gilashinsa na gyaran agogo a ido ɗaya, ya bi shafukan a hankali.

"Masha Allah. Har da nauyin dutse," ya ce. "Kai ko alƙali ba zai nemi ƙari ba. To, amma duk wannan labarin yarinyar ne. Ni in an kawo mini agogo ya tsaya, ba hannun da ya tsaya nake tuhuma ba. Wa yake ɗakin kafin ita?"

"Mahaifiyata."

"Allah ya jiƙanta. Kwana nawa tsakanin fitarta da shigar yarinya?"

"Tara."

"Ta bar wani saƙo game da ɗakin?"

Injiniya ya dubi littafin da ke hannun Malam. Shekara goma sha tara yana yi wa na'urori waɗannan tambayoyi, a wannan jeri, kuma bai yi wa gidansa ko ɗaya ba. Ba wai bai san su ba ne. Ya san inda za su kai shi. Ya gaya wa Malam maganar wata guda, da maganar baƙuwa, da gwangwanin duwatsu. Matar tana tsaye tana ji, hannu a baki.

"Ka isar da saƙon?"

"Malam, wa zan gaya wa? Bango?"

"Ai ka ga yanzu bangon ya zo da kansa yana tambaya," in ji Malam. Ya cire gilashin ya sa a aljihu. "Kawo mini ruwa in yi alwala."

Bayan sun idar da sallar magariba suka shiga ɗakin. Malam ya sa aka buɗe tagar, ya jera duwatsun nan uku a bakinta. Ba a kunna fitila ba. Hasken da ya rage a sama ya shigo ta raga, ya kwanta a kan fulawar. Sun ji tafiyar Auta tun daga tsakar gida, a hankali, tana jan ƙafa. Ta shigo, ta wuce su, ta zauna a gurbinta.

Malam ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Tun Auta tana zaune shiru har kafaɗunta suka fara rawa, yatsunta suka dunƙule, numfashinta ya yi nauyi. Uwar ta yunƙura, Malam ya ɗaga mata hannu bai daina karatu ba. Sai can muryar ta fito.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni. Ban zo faɗa ba."

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa."

"Baƙuwar wa?"

"Ta mai ɗakin. Shekara huɗu ina zuwa. Takan bar mini taga, takan ce ga wurinki. Ita tana ba ni labari, ni ina ji. A gidan nan ni kaɗai nake da lokacin ji."

Injiniya ya dafa bango.

"Me ya haɗa ki da yarinya?" in ji Malam.

"Na yi tafiya mai nisa. Na dawo da tsarabarta a hannu, na tarar da ƙarfe a taga. Na jefa tsarabar a kan kwano ko za ta ji, ba ta amsa ba. Na shigo ta raga da ƙyar. An shafe ƙamshinta da fenti, an sa wata a wurinta. Na yi ta tambaya, ba ku jin muryata. Sai na ari baki." Kan Auta ya juya wajen Injiniya. "Kun kore ta. Tsohuwa ce, ba ta da inda za ta. Ba zan fita ba sai an nuna mini inda kuka kai ta."

Malam ya juya ya dubi Injiniya, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Aljani bai san gaibu ba. Abin da bai gani ba kuma ba a gaya masa ba, bai sani ba, kamar ni da kai. Kai aka ba saƙo. Bismilla."

Sai a lokacin Injiniya ya lura cewa bai taɓa furta maganar da bakinsa ba. Ranar da abin ya faru ta waya ya rubuta wa dangi. Masu ta'aziyya su suka yi ta faɗa, shi amin kawai yake cewa. Ya durƙusa a kan fulawar, a gaban 'yarsa, yana kallon idanun da ba nata ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "ba mu kore ta ba. Inna ta rasu."

A can waje wani ya wuce da keke, ƙarar sarƙarsa ta yi nisa ta ɓace. Sannan wani sauti siriri ya fara fitowa daga ƙirjin Auta, ba kuka sosai ba, kamar iska tana bin ƙofar da ba a rufe da kyau ba. Ya daɗe kafin ya tsaya.

"Yaushe?"

"Ranar Lahadi, da magariba. Wata biyu da kwana goma sha ɗaya."

"Ranar na zo yi mata sallama," in ji muryar. "Ina zaune a nan ta kira ka. Sau uku. Na ji ka ce kana zuwa. Na ce zan jira tare da ita, ta ce a'a, je ki kada ki makara, ɗana yana zuwa. Saboda haka na tafi." Ta ƙura wa Injiniya ido. "Ka zo?"

Yana jin numfashin matarsa a bayansa. Yana iya cewa ya zo, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

"Ban zo ba," ya ce. "Ina kallon allo. Sai bayan minti ashirin da biyar na shigo. Na tarar ta riga ta tafi, ita kaɗai."

Matar ta yi salati a hankali. Bai juya ba.

"To, kin ji," in ji Malam. "An isar miki da saƙo. Wadda kike nema tana inda ni da ke ba mu da iko. Yarinyar nan ba ta ci miki komai ba. Ki fita."

"A bar mini ɗakin."

"Ɗaki na masu gida ne. Wadda ta ba ki aro ta tafi, aro ya ƙare."

Da muryar ta sake fitowa, ba da Malam take magana ba, kuma ta yi laushi.

"Ɗan Sandan Akwati," ta ce. "Na san abin da ya sa ta kira ka. Ta gaya mini kafin ta ɗaga murya. Ka bar ni a jikin yarinyar nan zuwa magaribar gobe, in yi kukan ƙawata da idon mutum, don ya fi namu sauƙi. Gobe war haka in gaya maka, kalma da kalma, in tafi. Magariba ɗaya kawai."

Injiniya ya dubi Malam. Tsohon ya sauke ido a kan tasbaharsa.

"Tana iya yin gaskiya, tana iya yin ƙarya," ya ce. "Yarinya kwana shida ba ta ci ba. In na ci gaba da karatu za ta fita, amma da wahala, kuma jikin da zai sha wahalar ga shi nan. In ta fita da yarda ya fi. Kai ne uba."

Wata biyu da kwana goma sha ɗaya wannan tambaya tana cin sa. Ruwa take so? Matashin kai ne ya zame? Ciwo ne ya taso, ko wata magana ce ta ajiye masa tun yana yaro? Shi mutum ne da bai taɓa rufe shafi ba tare da ya rubuta sanadi ba. Ya taɓa yin shekara guda a kan kuskure ɗaya. Ga amsar a gabansa, taku ɗaya, kuma kuɗinta magariba ɗaya ce. Ya ji bakinsa yana shirin cewa saura ɗaya, kamar yadda ya faɗa wa Auta.

Sai idonsa ya sauka a kan hannunta. A gefen babban yatsanta akwai ɗigon tawadar biro, shuɗi, tun na aikin makarantar da ba ta ƙarasa ba. Kwana shida bai goge ba.

"A'a," ya ce. "Riƙe abinki. Ba ni 'yata yanzu."

"Ba za ka ƙara samun mai gaya maka ba."

"Na sani." Ya dubi tagar. "Amma Inna ta ce a bar ɗakin wata guda, taga a buɗe. Ban yi ba. Zan yi yanzu. Zan cire ragar da hannuna. Ki zo ki yi kukanki da naki idon, babu mai damun ki."

"Wata guda," in ji Malam, "ba da ƙarin kwana ɗaya ba. Kada ki taɓa kowa a gidan nan, kada ki ari bakin kowa. Ranar ƙarshe ki kwashe tsarabarki, mu san kin tafi. Kin yi alkawari da wanda ya halicce mu da ku?"

"Na yi."

"To, fita ta inda kika shiga."

Idanun suka tsaya a kan Injiniya tsawon lokaci. "Shi ke nan," in ji muryar. "Zan tafi da abin da ta gaya mini."

Malam ya ci gaba da karatu, a hankali yanzu, kamar mai raka baƙo bakin ƙofa. Jikin Auta ya miƙe, ya saki. Ta yi atishawa sau ɗaya. Fulawar da ke gindin taga ta ɗan tashi, ta kwanta. Uwar ta riga kowa isa, ta tallafe kanta.

"Mama," in ji Auta da 'yar muryarta, a dushe, "ƙishirwa nake ji. Me ya sa Baba ya yi fari haka?"

Gwiwoyinsa da tafukansa duk fulawa ne. Malam ya yi 'yar dariya, ya fara naɗe tasbaharsa.

Washegari Injiniya ya kwance ragar da ƙarfen, ya fitar da sabon gadon, ya share ɗakin da kansa. Auta ta koma ɗakin uwarta, ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, ba ta tuna komai ba sai cewa ta yi barci mai nauyi. Matar ta yi kwanaki ba ta ta da maganar minti ashirin da biyar ba. Wata rana tana miƙa masa shayi ta ce, ba ta dube shi ba, "Da ka gaya mini, da mun ɗauka tare." Iyakar abin da ta ce ke nan.

A mako na uku ya kama kuskuren nan da ya yi fiye da shekara yana nema. Ya sa na'urar ta daina ba da ɗakin da aka saki nan take, ta killace shi na ɗan lokaci da alama a ciki, sai ga mai shigowa ya bar sawu. Ya bi sawun baya, layi bayan layi, har ya isa inda aka saki ɗakin ba tare da an sanar da mai zuwa ba. Shi ya rubuta wurin da hannunsa, shekara shida da suka wuce. Gyaran layi biyu ne. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa barka. Ya rubuta sanadin a littafi, ya ja layi a ƙasa.

A magaribar da wata ya cika ya shiga ɗakin Inna. Bakin tagar wayam, duwatsun ba sa nan. Ya tsaya har duhu ya fara cika kusurwoyi, sannan ya ce da ƙarfi, yadda duk mai kunne zai ji, "An rufe. Allah ya kai ki lafiya." Ya ja tagar ya sa sakata.

A shafin da ya fara da dutsen farko akwai layi ɗaya a can ƙasa, da ƙananan haruffa: me ya sa ta kira? Gabansa babu komai. Wani lokaci yakan buɗe shafin, ya riƙe biro, ya mayar.

Yana zaune a gaban shafin wata yamma, allo yana zubo bayanai, sai ya ji murya daga tsakar gida.

"Baba!"

Kujerar ta faɗi a bayansa. Kafin ta rufe baki yana tsaye a gabanta, ba takalmi, tabarau a hannu. Auta tana zaune a kan tabarma da littattafanta, ta ɗago tana kallonsa da mamaki.

"Kai, Baba, ka ba ni tsoro. Har na manta abin da zan ce."

"Ba komai," ya ce.

"Ka koma aikinka, in na tuna zan kira ka."

"A'a. Zan jira."

Ya zauna a bakin tabarmar, ya tanƙwashe ƙafa. Rana tana sauka a bayan katanga. Auta ta ciji gindin biro, tana ƙoƙarin tunawa, shi kuma yana jira.